Kwana Bakwai Babu Ƙararrawa

Wayar tana maƙale tsakanin kunnena da kafaɗata, hannuwana biyu suna riƙe da bakin zanin juyi, sa'ad da Yaya ya ce in nemo musu teku.

"Ba irin wadda kowa ke zuwa ba fa, Farfesa. Wurin da babu mutane nake so. Can ƙarshen duniya, inda ko waya ba ta shiga."

"Ɗan dakata, Yaya." Na kafa gwiwa a bakin gado. "Umma, za mu koma dama. Ɗaya, biyu..."

A na uku na ja. Jikinta ya biyo zanin ya kwanta a ɗaya ɓarin. Na cusa matashi a bayanta, na sa wani tsakanin gwiwoyinta, ƙaramin kuma a ƙarƙashin ƙaurinta don kada diddige ya taɓa katifa. Sannan na ɗaga rigarta na duba inda ta tashi daga kai. Umma fara ce, fatarta ba ta ɓoye komai. Wurin ya yi ja. Na danna shi da ɗan yatsa na ɗauke, ya yi fari, jan ya dawo a hankali. Lafiya ke nan. Ranar da ka danna ja ya ƙi yin fari, ran nan gyambo ya yi sallama.

"Kina jina kuwa?"

"Ina jin ka. Teku, babu mutane."

"Yauwa. Ai ke kika karanta abin, ba mu ba. Ni da antinki da yara, kwana bakwai. Ki tsara mana komai, jirgi, masauki, duka." Na ji ya kurɓi wani abu. "Ki sa har da ke."

Na ɗauki ɗan jan agogon da ke kan tebur a gefen gado, na tura allurar ƙararrawarsa gaba da awa biyu, kamar yadda nake yi bayan kowane juyi. Hannuna ne ya yi aikin shi kaɗai, ni hankalina ba ya wurin.

"Har da ni?"

"Ke ba mutum ba ce? Ki je ki sha iska."

"Umma fa?"

"Sai a samo mai kula da ita. Kwana bakwai ne, ba shekara ba."

Na dubi Umma. Idonta na hagu, ɓarin da ciwon bai taɓa ba, yana kaina. Kalma ɗaya shanyewar jiki ta bar mata a baki. Da ita take gaisuwa, da ita take faɗa, da ita take neman ruwa.

"To," in ji Umma.

* * *

Mu biyu ta haifa, kuma da keken ɗinki ta raine mu bayan rasuwar Baba. Keken yana nan a kusurwar ɗaki, na mai da kansa ma'ajiyar auduga da safar hannu da man shafawa.

Labarin ƙasa na karanta a jami'a, kuma ban zo na biyu ba ko sau ɗaya. Kundin kammala karatuna a kan yadda teku ke cin gaɓarta na rubuta shi. Ranar da na je kare shi, wani malami ya sauke tabarau ya tambaye ni ko na taɓa ganin teku da idona. Na ce masa masu lissafin tafiyar wata ma ba su taɓa taka shi ba. Aka yi dariya, ya ba ni makina. Da labarin ya iso gida Yaya ya laƙaba min Farfesa.

Mako biyu da fitowar sakamako Umma ta zame daga kujerar keken ɗinki, ƙyalle a hannunta. A barandar asibiti aka yanke hukunci, a tsaye, cikin minti biyar. Yaya yana da ofis da iyali. Ni ban fara aiki ba tukuna. In riƙe ta kafin a ga abin da hali zai yi. Shekara uku da wata huɗu ke nan, hali bai yi komai ba.

Maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da duk layin ke kira Sista, ita ta koya min aikin. "Duk awa biyu," ta ce, "ba dare ba rana. Mai kwanciya ba ciwonsa ke kashe shi ba, gado ne." Ta ba ni labarin irin gyambon da ta gani a asibiti, wanda ake zura hannu a cikinsa. A ranar na sayi agogon. Tsakanin juyi da juyi akwai wanki, da canza shimfiɗa, da abinci cokali-cokali. Abin da ya rage shi ne barcina. Tun da aka sallamo mu ban yi barcin da ya kai awa biyu a jere ba.

Kuma babu gyambo, ko kamar kan allura. Likitan da ke duba ta duk wata uku yakan kira ma'aikatansa su zo su ga bayan Umma. Wannan shi ne digirina na biyu, kuma na fi alfahari da shi, don babu wanda ya taya ni karatunsa.

'Yan dubiya suna zuwa. Su zauna minti goma a bakin ƙofa, gefen mayafi a hanci kamar mura ke damunsu, su ce, "Ke kam kin dace, 'yar nan. Kina ta kwasar lada." Da farko sunkuyar da kai nake yi. Daga baya na koyi cewa, "Akwai saura, Gwaggo, ga safar hannu can." Sai aka ce boko ya ɓata ni.

* * *

Daga cikin mintocin barcina na yanko lokacin tsara tafiyar, kuma ban yi mata riƙon wasa ba. Na watsar da wuraren da hotunansu suka cika waya. Taswira na buɗe, na bi gaɓa da yatsa, na duba watannin ruwan sama da inda iska ke kaɗawa, har na samo wani ɗan tsibiri da sai an matso da ido ake ganin sa. Jirgin sama, sannan mota awa uku, sannan kwalekwale. Shi kuma kwalekwalen ba ya tashi sai teku ta ciko, saboda duwatsun da ke mashigar. Wanda ya makara da rabin awa sai ya jira wata cikowar. Na zauna da jadawalin cikowar ruwa da janyewarsa na daidaita komai, har sararin fashewar taya na bar musu.

Masaukin ɗakuna takwas ne, rufin ganyen kwakwa, farin yashi daga bakin ƙofa har ruwa. Babu sabis. A ƙasan shafinsu sun rubuta cewa ba sa ajiye agogo a ɗaki, baƙo ya tashi lokacin da jikinsa ya ga dama. Na karanta wannan layin ya fi sau ashirin.

Gaskiyar magana, ba teku nake nema ba. Tun a kwana na biyu na daina yi wa kaina ƙarya. Kwana bakwai babu ƙararrawa nake nema. In kwanta, in rufe ido, in ga ƙarshen mafarki ko da ɗaya ne.

Ana saura wata guda Anti, matar Yaya, ta kira ni.

"Auta, ɗaki biyu za ki kama ko? Ki haɗa kanki da yaran, kin san yadda suke son ki."

Yaran uku ne, ƙaramin bai cika shekara uku ba, kuma in ya gan ni ɓuya yake yi a bayan uwarsa saboda warin maganin da ke jikina. Na kuma san mai yi mata raino ta bar aiki. Tun kafin ta rufe baki na gane sunan gayyatar. Raino aka kira ni, ba hutu ba. Ni da ban taɓa zuwa na biyu ba. Amsa ta zo min har kan harshe, mai kaifi, irin wadda dangi za su shekara suna maimaitawa. Sai na tuna ɗan shekara uku yana barcin awa tara, kuma da kansa yake juyawa.

"Ɗaki biyu, Anti," na ce. "Na kama."

* * *

Fasfo sai mutum ya je da ƙafarsa an ɗauki hoton yatsunsa, kuma ofishin yana wani gari, tafiyar da sai an kwana. Muka ce wannan ya zama gwaji. Yaya ya aiko da wata dattijuwa mai ƙarfin hannu da yawan dariya, ta ce in kira ta Iya. Ta yi jinyar mijinta, in ji ta, har Allah ya karɓi abinsa.

Kwana uku ina koya mata. A kama zani, ba hannun mara lafiya ba. Inda kowane matashi ke zama. Yadda ake tura allurar agogo. Na zana jadawali da rula a babbar takarda, gida-gida, kowane gida da lokacinsa da ɓarin da za a koma. Na manna a bango, na rataya biro da zare.

"Duk juyin da kika yi, ki sa alama a gidansa."

Iya ta daɗe tana kallon takardar. "Kai, 'yar nan, hannunki da kyau," ta ce. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa kyan hannu kaɗai ta gani ba. Anti kuma ta yi alkawarin wuni a gidan.

A ofishin fasfo ma'aikacin bai ɗago kai ba. "Sana'a?"

"Labarin ƙasa na karanta."

"Ba karatu na tambaye ki ba. Aikin me kike yi?"

Na buɗe baki. In ce mai jinya, ba ni da takardar. In ce ma'aikaciya, wa ya ɗauke ni? Kafin in zaɓa ya buga wani abu, ya ce in ɗora babban yatsa. Da na leƙa allon na ga ya rubuta babu.

A gidan ƙawata na kwana, a katifa mai laushi, a ɗakin da babu agogo. Jikina ya tashe ni sau huɗu, daidai kan lokaci, hannuwana suna laluben bakin zani. Na gaya wa kaina kwana ɗaya ne ya yi kaɗan. A na uku jiki zai manta. Shi ya sa nake bukatar bakwai.

* * *

Ƙarfe biyu na rana na shigo gida. Ƙamshin turare ya tare ni tun daga bakin ƙofa, kuma na san ba a fesa turare haka sai akwai abin da ake rufewa. A kan keken ɗinki ga ledar lemo da ayaba, shaidar Anti ta leƙo ta tafi.

Jadawalin na fara dubawa. Kowane gida da alamarsa, tsaf. Ƙarfe goma, sha biyu, biyu. Sai huɗu. Sai shida, takwas, har ƙasan takarda. An juya Umma a lokutan da ba su ma zo ba.

"Iya, mene ne wannan?"

"Na ga kina son a cike gidajen, sai na cike miki tun da safe, kar ki dawo da gajiya ki tarar da aiki." Murmushi take yi. "Ni ai ban yi makaranta ba, 'yar nan. Ban san me ke ciki ba."

Umma tana kwance rigingine, idonta a rufe.

"Sau nawa kika juya ta?"

"Jiya da rana na juya ta sosai. Daga yamma ne agogon ya daina kuka. Ni kuma duk na leƙo sai in ga tana barcinta mai daɗi, in ce kar in tashi baiwar Allah."

"Agogon nan shekara uku bai taɓa fashi ba."

"Wallahi bai yi kuka ba. Da safe ma a kan gado na tsince shi."

"Agogo ba ya hawa gado da ƙafarsa."

Na kira ta maƙaryaciya. Mace sa'ar uwata, a gaban uwata. Sannan na kama zani na juya Umma. A ƙasan bayanta, daidai kan ƙashi, akwai ja mai faɗin tafin hannun jariri. Na danna, na ɗauke. Bai yi fari ba. Na sake dannawa da ƙarfi, kamar ƙarfi zai canza amsa.

"To," in ji Umma, can ƙasa-ƙasa.

* * *

A kwana na uku fatar ta buɗe. Sista ta zo ta duba, ta koya min haɗa ruwan wanke miki: a tafasa lita ɗaya, a sa gishiri ƙaramin cokali biyu a shafe, a bari ya huce. Safe da yamma nake wankewa da auduga. Kwanciyar baya ta haramta, sai dama da hagu.

Yaya ya zo a kwana na biyar. Ya gaida Umma daga bakin ƙofa, muka fito tsakar gida.

"Ɗan ƙurji ne fa, Farfesa. Ke komai sai kin mai da shi jarrabawa."

"Zo ka gani."

"Haba. Ni namiji, in buɗe bayan mahaifiyata?"

"Shekara nawa ta yi tana buɗe naka?"

Ya kaɗa makullin mota a yatsa. "Bakin nan naki shi ya sa har yanzu..." Bai ƙarasa ba. "To me kike so a yi?"

"A ɗage tafiyar ta warke."

"Hutun yara zai jira? An riga an sa hannu a nawa hutun a ofis."

"To a ɗauko ma'aikaciyar jinya ta gaske, mai takarda."

"Don juya mutum? Juyi ma sai an yi masa digiri? Abin da kike yi kullum kina danna waya?" Ya sassauta murya. "Ke ba ki san darajar abin da Allah ya ba ki ba. Wallahi wani lokaci har kishin ladanki nake yi."

"Ƙarfe huɗu akwai juyi, Yaya. Saura minti goma."

Ya duba agogon hannunsa kamar da gaske, ya ce yana da taro. Sai da ya shiga mota ya sauke gilashi. "Iya ta ba da haƙuri, ki sake ba ta dama. In kuma ba za ki je ba ki faɗa da wuri, antinki ta san yadda za ta yi."

Na ɗauka Sista za ta ce in zauna. Tana naɗe bandeji, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Ki tafi."

"Mikin bai rufe ba."

"Zan riƙa shigowa safe da yamma ina wankewa. Juyi ne ba zan iya ba, bayana ya ƙare a gadajen mutane. Miƙo hannunki." Na miƙa. Ta riƙe shi tana juyawa kamar na majinyaci. "Shekaranjiya a gabana kika zuba wa uwarki gishiri a shayi. Na sha ganin mai jinya ya riga majinyaci. In kika faɗi, wa zai juya ku ku biyu?"

Na dawo da Iya. Na yage jadawalin. Na zazzage gwangwanin maɓallan Umma na zaɓi goma sha biyu, na ajiye kwano biyu: duk juyi, maɓalli ɗaya ya tsallaka daga wannan zuwa wancan. Iya ta ce, "Yauwa, yanzu kika yi karatu." Mako biyu tana juyi ina tsaye a kanta.

Ba na so a ɗauke ni waliyyiya. Na san mikin yana nan a buɗe, kuma na ci gaba da ninke kayana. Na sayi hular rana. Akwai ranar da nake wanke mikin ina lissafin kwanakin da suka rage, na kama kaina ina murmushi a bayan uwata.

* * *

Ranar tafiya na yi juyin ƙarfe shida da hannuna, na tura allura zuwa takwas, na ajiye agogon a wurinsa. Na durƙusa daidai fuskarta.

"Umma, kwana bakwai ne. Zan kawo miki yashi a kwalba ki taɓa."

"To," ta ce, rabin bakinta yana murmushi. Na miƙa mata kofin ruwa, ta kau da kai.

Motar ta iso takwas saura kaɗan. Iya tana tsakar gida tana wankin zannuwa, famfo a buɗe. Na sa jakata a but. Tun ban zagayo ba Anti ta miƙo min jakar ƙaramin ta taga. "Auta, riƙe wannan, madararsa na ciki." Na karɓa. Na kama marfin mota.

Sai jikina ya ce ƙarfe takwas.

Ƙararrawar nan har ɗakin Sista ake jin ta. Na tsaya ina saurare. Ƙarar famfo, hayaniyar yara, injin mota. Can ƙarƙashinsu wani ɗan zuzu, kamar ƙwaro a cikin kwalba.

"Minti ɗaya, Yaya."

"Ke fa kika ce ruwa ba ya jira."

Teburin gefen gado babu komai a kansa. Umma ta rufe ido, irin rufewar da yara ke yi in sun ji takun uwa, fatar idon har tana motsi. Bargon yana ɗan rawa a daidai cikinta. Na ɗaga. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ya danne agogon a jikinta, ta tura masa gefen matashi a kai. Na kama yatsunta, suka ƙi sakewa. Matar da ba ta iya riƙe cokali da kyau, sai da na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ƙara ta cika ɗakin.

Ta buɗe ido. Ba ni take kallo ba, ƙofa take kallo. Ta nuna ta da haɓa.

"To. To. To."

Ashe Iya ba ta yi ƙarya ba. Umma ta ji duk abin da ake faɗa a kanta, ta yi nata tsarin tafiyar. Za ta kwanta shiru, kada ta gajiyar da baƙuwa ta gudu, kada a ce Auta ta fasa saboda ita.

Zan iya ɗora agogon a kan taga inda hannunta ba ya kaiwa. Na yi tunanin haka, har na ɗaga shi. Sai idona ya faɗa kan kofin ruwa, cike yadda na bar shi, na tuna kwana biyu ke nan tana kau da kai daga gare shi. Wanda bai sha ba ba ya jiƙa shimfiɗa. In na raba ta da agogo tana da barcin ƙarya, Iya kuwa ba ta tashin mai barci. Umma tana da rufe baki a gaban cokali. Kwana bakwai, ni kuma ina inda na zaɓa da hannuna don waya ba ta shiga.

Yaya ya danna hon.

Na kashe ƙararrawar. Na kafa gwiwa a bakin gado. "Umma, za mu koma dama." Ta riƙe ƙarfen gado da hannun hagu, tana kuka babu sauti. Na jira har ta gaji. "Ɗaya, biyu..."

Na gyara matasai, na tsallakar da maɓalli ɗaya, na tura allura zuwa goma. A tsakar gida na tsaya kan Iya.

"Iya, ki yafe min. Gaskiya kika faɗa ran nan."

Ta ɗago, kumfa har gwiwar hannu. "Wace ranar, 'yar nan?"

A waje na buɗe but na ciro jakata. Na mayar wa Anti jakar madara ta taga, na miƙa wa Yaya fayil ɗin tafiya.

"Komai na ciki, shafi-shafi. Kwalekwale gobe ƙarfe huɗu da kwata. In kuka makara za ku kwana a gaɓa. Maganin aman yara yana aljihun gaba."

"Wai me kike nufi?" in ji Anti. "Ni kaɗai zan yi fama da yara uku? Wane irin hutu ke nan?"

"Suna barci da dare, Anti. Za ki ji daɗinsu."

Yaya ya bugi sitiyari. "Kin ga halin naki ko? A yi miki alheri ki watsa wa mutane ƙasa a ido. Me ya faru kuma?"

"Tana ciki, Yaya. Taku goma ne. Zo ka ga abin da ya faru."

Ya dubi ƙofar gidan da aka haife shi. Ya daɗe, har na ɗauka zai kashe mota. Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "Baba, jirgi zai tafi."

"Ki ce mata ina gaishe ta," ya ce.

* * *

Washegari bayan juyin ƙarfe huɗu na sauke tukunyar da ta huce. Lita ɗaya, gishiri ƙaramin cokali biyu. Ruwan teku ya ninka wannan gishiri kusan sau huɗu, yana shafi na uku a kundina. Na tsiyaya rabi a kwano na kai ɗaki. Umma ta ƙi kallona tun jiya, amma ta sha ruwa, kofi ɗaya da rabi. Na wanke mikin, na rufe shi.

Huɗu da kwata daidai na fito tsakar gida da ragowar. A wannan mintin teku ta cika ta rufe duwatsun mashiga, ana kwance igiyar kwalekwale. Sun same shi, ba na shakka. Lissafina ba ya kuskure.

Na cire takalmi na tsaya a kan siminti, na tsiyaya ruwan a kan ƙafafuna a hankali. Da sauran ɗumi. Ya ratsa tsakanin yatsuna, ya bi gangara zuwa magudana. Na tsaya a rana har ya bushe, ya bar min ɗan farin layi a gefen kowane farce.